Alfarma Tsakanin Likitoci: Yadda Tsohuwar Al'ada Ta Ci Karo da Doka a Amurka

Gabatarwa

Kusan kowace sana'a tana da wata alfarma da masu yin ta suke yi wa junansu. A sana'ar likitanci, alfarmar ita ce likita ya duba ɗan'uwansa likita, ko matarsa, ko 'ya'yansa, bai karɓi ko kwabo ba, ko kuwa ya yi masa rangwame mai yawa. Da tafiya ta yi nisa sai abin ya faɗaɗa, ya haɗa da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna da sauran ma'aikatan asibiti. Shekaru aru-aru ana kallon wannan ɗabi'a a matsayin alamar mutunci da sanin ya kamata.

Amma a ƙasar Amurka ta yau, likitan da ya yi irin wannan alfarma ba tare da lura ba yana iya tsintar kansa a gaban kotu, ana tuhumarsa da zamba ko da ba da toshiya. Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya mutum zai ƙi karɓar kuɗin da yake haƙƙinsa ne, sa'an nan a ce ya yi laifi? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya. Za a duba asalin al'adar, da abin da ya sauya mata matsayi, da dokokin da suka kewaye ta, da kuma hanyar da doka ta bari a buɗe ga likitan da yake son ya ci gaba da kyautata wa abokan aikinsa. Za a ga cewa dukkan dokokin suna komawa ga tambayoyi biyu: kuɗin wa aka yafe, kuma don me aka zaɓi wanda aka yafe wa?

Asalin Al'adar

Masu tarihin likitanci sukan danganta tushen wannan al'ada da rantsuwar Hifokratis, shahararren likitan nan na Girka ta dā. A cikin rantsuwar, mai koyon likitanci yana alkawarin ɗaukar 'ya'yan malaminsa tamkar 'yan'uwansa, kuma zai koya musu sana'ar kyauta idan suna so. Maganar koyarwa ce ba ta jinya ba, amma ta nuna yadda likitoci suke ɗaukar kansu a matsayin dangi guda.

Wanda ya rubuta al'adar a sarari shi ne Thomas Percival, wani likita a birnin Manchesta ta Ingila, cikin littafinsa na ladubban likitanci da ya fito a shekarar 1803. Ya ce ya kamata likita da iyalinsa su sami jinya kyauta daga likitocin da ke kusa da su. Dalilin da ya kawo shi ne likita ba ya iya yanke hukunci daidai a kan ciwon kansa, haka kuma idan ɗansa ko matarsa ce a kwance, fargaba da ƙauna sukan rufe masa ido. Saboda haka sai a cire masa nauyin biyan kuɗi, domin kada tsada ta sa ya zauna a gida yana yi wa kansa magani. Lokacin da aka kafa Ƙungiyar Likitocin Amurka a birnin Filadelfiya a 1847, ƙa'idojin da ta amince da su sun ɗauko wannan ra'ayi na Percival kusan yadda yake.

A wancan zamani mutum biyu ne kawai a cikin cinikin, wato likita da marar lafiya. Likita ne yake yanka farashi, shi ne kuma yake karɓa. Idan ya yafe, daga aljihunsa ya yafe, babu wanda ya yi asara sai shi.

Shigowar Mai Biya Na Uku

Abin da ya sauya komai shi ne inshorar lafiya. A tsakiyar ƙarni na 20 kamfanonin inshora suka yaɗu a Amurka, sa'an nan a 1965 Shugaba Lindon Jonson ya sa hannu a dokar da ta kafa shirye-shirye biyu na gwamnati: Medicare, domin waɗanda suka kai shekara 65, da Medicaid, domin masu ƙaramin ƙarfi. Daga baya aka shigar da wasu masu naƙasa cikin Medicare. Tun daga nan mafi yawan kuɗin da likita yake samu ba daga hannun wanda ya duba yake fitowa ba. Wani na uku ne yake biya, ko kamfani ko baitulmalin gwamnati.

Sai dai wannan mai biya na uku ba ya ɗaukar nauyin duka. A ɓangaren Medicare da yake biyan aikin likitoci, bayan marar lafiya ya biya wani ƙayyadadden kuɗi na farkon shekara, gwamnati takan biya kashi 80 cikin 100 na farashin da ta amince da shi, marar lafiya ya cika sauran kashi 20. Wannan cikon shi za a riƙa kira kason marar lafiya a cikin wannan maƙala. Kamfanoni ma suna da irin nasu kason.

Ba don rowa aka sa wannan kaso ba. Daga shekarun 1970 zuwa 1982 cibiyar bincike ta RAND ta gudanar da wani babban gwaji a kan dubban iyalai a Amurka. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su jinya kyauta, wasu kuma aka sa su biyan wani kaso. Sakamakon ya nuna cewa masu biyan kaso sun rage zuwa ganin likita da sau ɗaya zuwa biyu a shekara, kwanciya a asibiti kuma ta ragu a cikinsu da kimanin kashi 20 cikin 100. Wato kason yana aiki kamar birki. A kan wannan birki kamfanoni da gwamnati suke gina lissafinsu, saboda haka ba sa ɗaukar cire shi da wasa.

Likitoci kuwa ba su bar al'adarsu ba, sai dai sun sake mata kama. Wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 1993 ya nuna kashi 96 cikin 100 na likitocin da suka amsa tambayoyi suna yin wannan alfarma. Hanyar da ta fi yawa, wadda kashi 75 cikin 100 suka ambata, ita ce a tura wa inshora takardar neman biya, a karɓi abin da ta bayar, a yafe wa abokin aiki kasonsa. Wannan hanya da ta fi sauƙi ita ce kuma ta fi haɗari a idon doka.

Lissafin Dala 100

A 1991 Ofishin Babban Sufeto na Ma'aikatar Lafiya ta Amurka, wanda yake farautar masu zamba a shirye-shiryen lafiya na gwamnati, ya fitar da wata sanarwar gargaɗi a kan yafe kason marar lafiya a kai a kai, aka sake buga ta a jaridar gwamnati a 1994. Sanarwar ta kawo lissafi mai sauƙi. A ƙaddara an rubuta wa Medicare cewa kuɗin wani aiki dala 100 ne. Gwamnati ta biya dala 80, bisa zaton marar lafiya zai cika 20. Idan tun farko ba a da niyyar karɓar wannan 20, to ainihin farashin aikin dala 80 ne. Kashi 80 cikin 100 na dala 80 kuwa dala 64 ne. Ke nan gwamnati ta biya rarar dala 16 saboda an faɗa mata farashin da ba shi ne na gaskiya ba. A wajen likita, abokinsa ya yi wa kyauta. A wajen doka, ya yi kyautar ne da ƙarya, kuma wani ɓangarenta da kuɗin wani.

Dokar da take kama irin wannan ita ce Dokar Da'awar Ƙarya, wadda aka kafa a 1863 a zamanin Shugaba Abraham Linkon, domin maganin 'yan kwangilar da suke cutar sojoji lokacin yaƙin basasa. An ƙarfafa ta a 1986. Wanda aka samu da laifi zai biya ninki uku na asarar da gwamnati ta yi, ga kuma tara a kan kowace takardar neman biya guda. A gyaran 1986 tarar ta kama daga dala 5,000 zuwa 10,000, kuma tun daga nan ana ƙara ta gwargwadon hauhawar farashi. Tun da a kan kowace takarda ake lissafi, rarar dala 16 da aka maimaita sau ɗari tana iya zama bashin da zai rufe ƙaramin asibiti.

Bugu da ƙari, dokar ta ba kowane mutum damar shigar da ƙara a madadin gwamnati, ya sami kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Akawun da yake rubuta takardun neman biya ya san duk wanda aka yafe wa. Ranar da suka ɓata da maigidansa, littafin lissafi ya zama shaida.

Kamfanonin inshora masu zaman kansu ma ba a bar su a baya ba. Yarjejeniyar da likita yake sa wa hannu da su takan wajabta masa karɓar kason marar lafiya, saboda haka yafewa saɓa alkawari ne. A 1996 kuma Majalisar Dokokin Amurka ta mayar da zamba a harkar biyan kuɗin lafiya laifin tarayya, ko da kamfani aka cuta ba gwamnati ba. Dokar ta 1996 ta kuma sa tara a kan wanda ya ba mai cin gajiyar Medicare ko Medicaid wani abin hasafi da zai iya ja shi ya zaɓi wani likita ko asibiti, kuma yafe kaso yana cikin abin hasafin. An yi togaciya guda: idan ba a yi tallar yafewar ba, ba a mayar da ita al'ada ba, kuma an bincika an tabbatar mutumin ba shi da hali, ko an yi ƙoƙarin karɓa an gaza. A nan ne tsohon likitan da ya yi ritaya, ko mahaifiyar abokin aiki mai shekara 70, suke zama matsala. Suna cikin Medicare, kuma galibi ba matalauta ba ne.

Dokar Hana Kamasho

Haɗari na biyu ya shafi dalilin zaɓen wanda aka yi wa alfarma. A tsarin likitanci na zamani, marar lafiya yakan fara da likitan gama-gari, shi kuma ya tura shi wurin ƙwararre, ko ɗakin gwaje-gwaje, ko wurin ɗaukar hoto. Wannan turawa ita ce abincin ƙwararru. Likitan fiɗa, alal misali, ba ya samun aiki sai an turo masa.

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da doka take tsoro ke nan. A ƙaddara likitan fiɗa ya yi wa matar wani likitan gama-gari aiki kyauta, aikin da kuɗinsa ya kai dubban daloli. Bayan wata guda wani marar lafiya ya zo wa likitan gama-garin da ciwon da yake bukatar fiɗa. Wurin wa zai tura shi? Ko da bai yi niyyar ramawa ba, kunya da jin nauyi suna iya rinjayar hannunsa. Marar lafiyan kuwa bai san da wannan bashi ba, ya ɗauka cancanta kawai aka duba.

A 1972 Majalisa ta kafa dokar da ta hana bayarwa ko karɓar wani abu mai daraja domin a turo marasa lafiya da gwamnati take biya wa. A 1977 aka mayar da karya ta babban laifi. Tun daga 2018 hukuncinta ya kai tarar dala 100,000 da ɗaurin shekara 10, ga kuma korar likita daga shirye-shiryen gwamnati gaba ɗaya. Dokar tana kama mai bayarwa da mai karɓa, kuma ba tsabar kuɗi kaɗai take nufi ba. Jinya kyauta ma abu ne mai daraja. Har ila yau ba ta tsaya ga likitoci ba, duk ma'aikacin lafiyar da yake da ikon turo marasa lafiya yana ciki.

Kafin a hukunta mutum da wannan doka sai an nuna ya yi abin da sani da gangan. To amma wata shari'a ta 1985 ta sauƙaƙa wa masu gabatar da ƙara aiki. Wani likitan zuciya mai suna Greber yana da kamfanin da yake auna bugun zuciya da na'ura, yana kuma biyan likitocin da suke turo masa mutane wani kuɗi da ya kira ladan fassara sakamako. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa ko da biyan yana da wasu dalilai na halal, idan ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a ci gaba da turo mutane, to an karya doka. Shari'ar ba a kan alfarma aka yi ta ba, amma ma'auninta ya shafe ta. Likita yana iya yin alfarma don zumunci da tausayi, amma idan aka ga waɗanda suke turo masa aiki kaɗai yake yi wa, su kuma waɗanda ba sa turowa suna biya, littafinsa ya riga ya ba da shaida a kansa. A 2010 kuma aka ƙara cewa duk takardar neman biyan da ta samo asali daga karya wannan doka ta zama da'awar ƙarya, wato laifi ɗaya ya jawo hukunci biyu.

Dokar Stark

Doka ta uku tana ɗauke da sunan Pete Stark, ɗan majalisa daga jihar Kalifoniya. An kafa ta a 1989 a kan gwaje-gwajen jini da makamantansu, aka faɗaɗa ta a 1993 ta haɗa da ɗaukar hoto da gashin ƙashi da jinyar asibiti da sauransu. Ta hana likita tura mai cin gajiyar Medicare zuwa wurin da shi ko iyalinsa na kusa suke da wata alaƙar kuɗi da shi, sai idan alaƙar ta shiga cikin togaciyar da aka jera. Asibitin da ya yi wa likita jinya kyauta ya ƙulla irin wannan alaƙa da shi.

Bambancinta da dokar hana kamasho shi ne ba ta tambayar niyya. Ko da zuciya ɗaya aka yi, idan ba a cika sharuɗɗa ba, sai a mayar da kuɗin da aka karɓa. Ganin haka ne ya sa a 2004 hukuma ta fitar da togaciya ta musamman domin alfarmar likitoci. Manyan sharuɗɗanta su ne: a yi alfarmar ga dukkan likitocin asibitin ko na yankin ba tare da duba yawan mutanen da suke turowa ba, aikin ya zama irin wanda asibitin ya saba yi, a rubuta ƙa'idar, hukumar gudanarwar asibitin ta amince da ita tun kafin a fara, kuma kada a yi wa wanda yake cikin shirin lafiya na gwamnati, sai an tabbatar ba shi da hali.

Haɗarin da Ba Na Kuɗi Ba

Akwai wani haɗarin da ba a cika ambata ba. Jinyar alfarma takan zo a tsaitsaye, a kan hanya ko a ɗakin shan shayi, ba kati, ba rubutu. Likita yakan ji nauyin yi wa abokinsa wasu tambayoyi, ko ya tsallake wani gwaji don kada ya wahalar da shi. Amma a wajen kotu, rashin karɓar kuɗi ba ya rage wa likita nauyin da yake kansa. Da zarar ya karɓi mutum a matsayin marar lafiyarsa, ana auna shi da ma'aunin da ake auna kowa. Idan aka sami kuskure, aka kai ƙarar sakaci, likitan da bai rubuta komai ba ba shi da abin kāre kansa.

Hanyar da Ta Rage

Duk da wannan, doka ba ta haramta alfarma baki ɗaya ba. A 1994 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta bayyana cewa al'adar tsohuwa ce, amma ba wajibi ba ce a ladubban sana'a, kowane likita ya yi amfani da hankalinsa. A shekarar 2000 kuma Ofishin Babban Sufeto, cikin jagorar da ya rubuta wa ƙananan asibitoci, ya ce abu biyu yake dubawa: yadda aka zaɓi waɗanda za a yi wa alfarmar, da yadda aka yi ta.

Daga nan ake fitar da shawarwarin da lauyoyi suke ba likitoci. Na farko, idan za a yafe, a yafe duka, kada a tura wa inshora takarda ko guda. Ta haka kyautar ta koma yadda take a zamanin Percival, daga aljihun likita. Na biyu, a yi wa rukuni guda gaba ɗaya, kamar dukkan ma'aikatan asibitin ko dukkan likitocin garin, mai turo aiki da wanda ba ya turowa. Na uku, a rubuta ƙa'idar a ajiye. Na huɗu, a yi hattara da duk wanda yake cikin Medicare ko Medicaid. Na biyar, a duba yarjejeniyar kamfanin inshora da dokar jiha, domin jihohi sun bambanta. Na ƙarshe, a buɗe wa abokin aiki kati, a duba shi kamar kowa.

Kammalawa

Kamar yadda bayani ya gabata, halin likitoci bai canza ba tsakanin 1803 da yau. Abin da ya canza shi ne wanda yake biya. Muddin mutum biyu ne a ciniki, yafewa kyauta ce. Da na uku ya shigo da kuɗinsa da sharuɗɗansa, sai ya sami haƙƙin tambayar ko an faɗa masa farashin gaskiya, kuma ko an tura masa marar lafiya ne don cancanta ko don biyan bashin alheri.

Dokokin da aka ambata na Amurka ne, ba sa aiki a wata ƙasa. Amma tsarin da ya haife su yana yaɗuwa. A Nijeriya an kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, shirin ya fara aiki a 2005 da tsarin da mai rajista yake biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, sa'an nan dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Ɗalibin likitanci da zai yi aiki a ƙarƙashin irin wannan tsari, a gida ko a waje, zai amfana idan ya saba da tambayar kansa kafin ya ce wa abokin aiki ya bar kuɗinsa: shin abin da zai yafe nasa ne shi kaɗai, kuma da zai yi wa wannan mutum haka ko da ba zai taɓa turo masa kowa ba?